Amsa ga Malamin da ya tambaye ni ko zan bar ɗana ya auri mai ashar

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Alhamis da ta wuce ka bugo waya cikin shirin da aka gayyace ni a rediyo, ka ce daga Ƙofar Doka kake a nan Zariya, ka jefo mini tambaya kowa na ji: "Malama, tsakaninki da Allah, za ki yarda ɗanki ya auri yarinyar da ke ɗura ashar a bainar jama'a?" Ban kai ga buɗe baki ba mai gabatarwa ya ce lokaci ya yi halinsa, aka sako talla. Tun ranar ba inda zan sa ƙafa ba a tare ni da zancen ba, har wurin mai kayan miya. Wasu cewa suke ka ƙure ni. To ga amsar a rubuce, tunda a nan ba mai katse ni.

Saboda wanda bai ji shirin ba, ga abin da ya kawo maganar. Ina cikin bas ɗin da abin ya faru, a kujerar baya, mun taso daga Samaru za mu Kwangila. Wata ɗaliba ta ba kwandasta dubu ɗaya, canjinta ya maƙale. Ta tuna masa a Zango, ta sake tuna masa a Palladan. A na uku ya juyo ya ce ai ya san irinsu, 'yan makarantar nan duk karuwai ne, ya ware yatsu biyar ya watsa mata daƙuwa, ya bi da uwarta. Motar ta yi tsit. Wani dattijo mai carbi da ke kusa da ƙofa ya mai da fuskarsa taga. Ni ma, don kada in yi wa kaina ƙarya, shiru na yi. Da ya maimaita, sai yarinyar ta lailayo wata ashar ta maka masa, irin wadda ke sa mutum ya dafe ƙirji. Nan take motar ta kaure da salati. "A'uzubillahi! Mace da ashar!" Dattijon nan ya sami bakin magana, ya shiga yi mata wa'azi. A daidai nan ne wani ya ciro waya ya fara ɗauka, shi ya sa hoton da ya zagaya gari daga bakinta ya fara.

Kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Ban ce ashar ado ce a bakin mace ba. Abin da yarinyar nan ta furta ba zan iya maimaita shi ba ko ni kaɗai ce a ɗaki. Shekara 28 na yi ina koyar da Hausa a sakandare, na sa yara kamun kunne a kan kalmar da ba ta kai rabin wannan ba. Abin da na ce a rediyo shi ne, baki biyu suka yi ɓarna a motar nan, amma ɗaya kaɗai jama'a suka yi wa shari'a. Mai awo da ke ajiye mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, mun san sunansa a kasuwar Sabon Gari, mun kuma san surar da ta sauka a kansa.

Tunda harshe ne sana'ata, bari in fara ta nan. Ɗauki "ɗan iska" da "'yar iska". A nahawu jinsi kaɗai ya raba su. Amma in aka ce wane ɗan iska ne, sau da yawa ana nufin mai tsokana ne, ko marar jin magana, abokai ma kan faɗa wa juna suna tafawa. In aka ce wance 'yar iska ce, ba mai tambayar me ake nufi, an riga an taɓa mutuncinta. Haka "tantiri" da "tantiriya". Leƙa gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada da daddare, ɗan wasa ya yanke mutum uku ya zura a raga, za ka ji ɗaki ya ɗauka da "Shege!" Yabo ne fa. Alhali kalmar, in ka tsaya ka dube ta, ba ɗan wasan ta taɓa ba, uwarsa ta yi wa ƙazafi. Ka jera manyan ashar ɗin Hausa a zuciyarka, ba sai ka furta ba, ka ƙirga nawa ne suka bi ta kan uwa. Akwai na uba, ban musa ba, amma wanda ke sa a zare wuƙa a tasha na uwa ne. Daƙuwa ma da ba a buɗe baki, ita ta nufa. Da jikin mace ake ƙera kayan zagin, maza su yi ta jifan juna da shi safe da yamma ana cewa zafin zuciya ne, ranar da mace ta tsinci ɗaya ta mayar sai a ce duniya ta zo ƙarshe.

Na san Kanawa, abokan wasanmu, za su ce me ake jira daga mutanen da sunansu ma Zagezagi. Na bar su da Katsinawa, waɗanda aka daɗe ana yi wa uzuri cewa ashar a wurinsu kamar gaisuwa ce. Ka lura dai uzurin nan ma mazansu ake yi wa.

Wani abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba kowace mace muka hana ba. Tsohuwa mai tuwo a tasha takan zage 'yan kamasho tas, ta uwa ta uba, su yi dariya su ce Allah ya huci zuciyar Iya, a ƙaro miya. Kaka takan yi wa jikanta zagin da in wani ya yi masa sai an raba su, a ce wasan jika da kaka ne. A gidan biki in aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara amada, tsofaffin mata kan rera abin da amarya sai ta rufe fuska. 'Yan gambara kuwa, maza ne, batsa ce sana'arsu a kasuwa, kuɗi ake ba su. To wa aka ɗaure wa baki? Budurwa, da matar aure mai sauran ƙuruciya. Wato wadda ake jiran a aura, da wadda ke ƙarƙashin wani. Shi ya sa ban yi mamaki ba da tambayarka ta zo ta ƙofar aure. Ba ka tambaye ni ko ta yi zunubi ba, ka tambaye ni ko za ta auru. Namiji in ya yi ashar, hukuncin a kan bakinsa yake tsayawa, a ce wane bakinsa ba linzami. Mace in ta yi, sai hukuncin ya tsallake bakin ya sauka a kan zaninta, ya wuce gidan ubanta, ya shafi ƙannenta da ba su san hawa ba balle sauka. Mu ne kuma muka hana ta faɗin ɓacin ranta gar da gar, ta koma habaici da gugar zana a bakin turmi, sannan muka dawo muna cewa mata sun cika habaici.

Ka rantsar da ni da Allah, don haka mu je ga abin da addini ya ce. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Mas'ud, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mumini ba mai sukar mutane ba ne, ba mai tsinuwa ba, ba mai alfasha ba, ba mai batsa ba. Babu inda aka cire direba ko ɗan acaba saboda zafin rana. A Bukhari da Muslim ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, aka tambaye shi ta yaya mutum zai zagi iyayensa, ya ce ya zagi uban wani a zagi ubansa, ya zagi uwar wani a zagi uwarsa. A wannan lissafin, ashar ɗin da ta faɗa kan uwar kwandastan nan shi ya aika aka kawo ta. Sannan kalmar da ya fara jifan yarinyar da ita, wadda ba wanda ya yi wa salati a motar, ita ce mai haddi a Alƙur'ani: Suratun Nur, aya ta 4, bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a daina karɓar shaidarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya ko da shaguɓe ne, in dai an gane inda ya dosa, ƙazafi ne. Rangwamen da Allah ya yi a kan bayyana mummunar magana yana Suratun Nisa'i, aya ta 148, kuma wanda aka zalunta aka yi wa, ba a ce namiji ba. Ban ce ayar ta halatta mata zagin uwar da ba ta cikin motar ba. Amma in akwai wanda ya fi kusa da uzuri a cikinsu, ba mai riƙe da canjin ba ne.

Na san hadisin da za a karanto mini, na ranar Idi, inda Annabi ya gargaɗi mata da cewa suna yawan tsinuwa. Yana nan, ingantacce ne, na karɓa, kuma na sha karanta wa 'yan'uwana mata shi a islamiyya. Gargaɗi ne gare mu. Ban dai ga inda ya zama lasisi ga maza ba. In kuma ana son ganin yadda ake gyara wa mace kalma mai zafi, ga Nana A'isha. Wasu Yahudawa suka shigo suka murɗe sallama ta koma addu'ar mutuwa, ta harzuƙa ta mayar musu har da tsinuwa. Abin da Annabi ya ce mata shi ne ta yi a hankali, Allah yana son sauƙi cikin kowane al'amari. Ya gyara maganar, bai taɓa mutuncin mai maganar ba, bai ce gidansu ba tarbiyya ba.

Wani ya turo saƙo a shirin cewa aƙidar Turawa nake son shigo da ita. Dariya abin ya ba ni, don mudu biyun nan su ma sun daɗe suna awo da shi, har sun fi mu. A Birtaniya a da akwai wani takunkumin ƙarfe da ake kwaɓa wa macen da aka ce ta cika baki, da wani falle da ke shiga ya danne harshe, a zaga gari da ita. An rubuta amfani da shi a Sikotland tun 1567, kuma laifin nan na zama mafaɗaciyar unguwa, wanda kusan mata kaɗai ake kamawa da shi, bai fita daga dokar Ingila ba sai 1967. Ba daga wurinsu na aro ƙorafina ba. A cikin gidana na tsince shi.

Ɗan nawa da kake tambaya a kansa, tun yana sakandare in suna kallon ƙwallo da abokansa a zaure nake jiyo abin da ke fita daga bakinsu. Iyakata in ɗaga murya daga tsakar gida in ce kai, ku rage, in ci gaba da tankaɗe. Wata rana ƙanwarsa, tana 'yar shekara tara, wani yaro ya fasa mata tulun wasa ta ce masa shege. Ban san lokacin da na gwaɓe mata baki ba, har leɓenta ya fashe. Tana kuka ta ce, "Mama, ai a bakin Yaya na ji." Ban sami abin ce mata ba. Yau shekarunsa sun kai na aure, an yi bincike a kansa a gidaje biyu, an tambayi aikinsa, an tambayi ko yana shaye-shaye, an tambayi asalinmu. Ba wanda ya tambayi bakinsa. Laifi tudu ne, ni ma na daɗe a kan nawa ina hango na 'ya'yan wasu.

Akwai abin da wayar nan ba ta ɗauka ba. A Kwangila muka sauka tare da yarinyar, a ƙarƙashin gada. Jikinta ɓari yake, ta kasa ko gyara hijabinta, canjin ma ta bar masa. Na dafa ta ban ce komai ba. Ita ce ta ɗago, ido jawur, ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, uwata ya zaga." Haƙuri take ba ni, ni da na zauna ina ji aka kira ta karuwa ban tanka ba. Kwandastan kuwa tuni ya maƙale a ƙofa yana kiran Samaru, Samaru.

To ga amsarka, Malam, tsakanina da Allah. In ɗana ya kawo ta, zan yi binciken da ake yi wa kowace yarinya: sallarta, gaskiyarta, zamanta da iyayenta da maƙwabta. In na tarar ashar ce abincinta, da dalili da ba dalili, zan ce masa a'a, kuma wannan a'ar ce zan faɗa wa duk namijin da ya zo neman 'yata da irin wannan bakin, ko da mota ya zo. In kuwa na tarar ranar ce kawai tura ta kai bango, da hannuna zan haɗa lefen. Zan zaunar da ita in ce kada ta ƙara, in zaunar da shi in faɗa masa haka, shi da ya fi ta buƙatar ji.

Saura tawa tambayar. In kana da 'ya, kwandastan nan ya turo magabatansa gidanka a Ƙofar Doka, yana da sana'a, yana da ɗaki, ya kawo sadaki a hannu, za ka aika tasha a jiyo maka yadda yake magana da 'ya'yan mutane? An ce in koma shirin ranar Alhamis mai zuwa. Ka bugo da wuri, kafin a sako talla.

Wassalam.
'Yar'uwarka, daga Tudun Wada, Zariya.