Masu hasashen labarin aljanun birni su riƙa zuwa da hujja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka da abokan aikinka. Filin nan da kuka buɗe, inda masu sauraro ke bugo waya suna faɗin yadda suke ganin za ta kaya a fina-finai masu dogon zango da littattafan waya (labaran da ake sakewa kashi-kashi ana karantawa a waya), ya karɓu ƙwarai a ƙauyukanmu, musamman idan aka zo kan labaran da ake kawo aljanu cikin birni: aljani da rumfarsa a Kantin Kwari, aljana tana tare adaidaita sahu a Ƙofar Mata bayan isha'i, boka yana da ofis har da sakatariya. Sai dai kaso mafi yawa na abin da ake faɗa a filin shaci-faɗi ne. Wani ya ce jaruma 'yar sarkin aljanu ce, wani ya ce mijinta ne mugun, kuma ba a tambayar kowa daga ina ya samo. Hasashe yana da ƙa'ida, kuma mai gabatarwa zai iya tilasta ta.

Abin da ya kamata mai hasashe ya fara kamawa shi ne dokar labarin. Duk marubucin da ya san aikinsa yana shimfiɗa ta a kashi uku ko huɗu na farko: wa ke iya ganin aljanun, a wane lokaci suke da ƙarfi, me ke karya su, kuma me mutum ke biya idan ya nemi taimakonsu. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali shi ne ƙashin bayan irin wannan labari. A ɗauka an nuna ɗan kasuwa ya karɓi dukiya a kashi na biyu bisa sharaɗin kada ya taɓa kwana a gida ɗaya da ɗansa na fari. To an gama gaya maka cewa wata rana ruwan sama, ko dokar hana fita, ko rashin lafiya za su haɗa su ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai hasashen kirki ba zai ɓata lokaci kan ko za a karya sharaɗin ba. Zai duba wa zai jawo karyawar, da saninsa ko cikin rashin sani. Duk hasashen da sai an rushe dokar labarin kafin ya tabbata, a ajiye shi gefe komai daɗinsa.

Dokar kuma ba daga sama marubutanmu ke ɗauko ta ba. Rijiya biyu suke ɗiba. Ta farko addini ce. Masu cewa aljanin labari ya riga ya san ƙarshen kowa su tuna aya ta 14 a Suratu Saba'i: aljanu sun ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa. Marubucin da ke rubuta wa Musulmi ba zai ba aljani sanin gaibu ba, in ma ya ba shi, masu kallo ba za su ƙyale shi ba. Haka zancen boka. Hadisi ya nuna gaskiya ɗaya yake cuɗawa da ƙarya ɗari, don haka idan boka ya yi duba a farkon zango, a sa ran wani yanki zai tabbata ta karkatacciyar hanya, sauran ya tashi a banza. Aikin mai hasashe shi ne gano wane yankin. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Wanda ya san cewa fim ɗinsa zai bi ta gabanta ba zai rufe labari boka yana dariya ba. Masu kirdadon mugu zai yi nasara a ƙarshe suna auna labarin Kano da ma'aunin fim ɗin wata ƙasa ne.

Rijiya ta biyu ita ce abin da Bahaushe ya gada game da iskoki, kuma a nan mutanen karkara sun fi 'yan birni ido. Ba tallar bori muke yi ba, Allah Ya tsare, amma marubuta na ara daga can ko da ba su ambaci suna ba. Idan aka shigo da saurayi mai manyan riguna da ƙamshin turare, mai kyauta ba lissafi, mai son caca, tsohuwar da ke kallo a tsakar gida ta riga ta gane siffar Ɗan Galadima ce, ta kuma san dukiyar da ta biyo ta hannunsa ba ta zama. Doguwar mace mai tallar nono wadda duk inda ta gifta sai wani ya wayi gari hannu ko ƙafa sun shanye, wannan Inna ce, wadda ake kira Doguwa. Dattijo mai fararen kaya da tari da carbi ya yi kama da Malam Alhaji, kuma ba kasafai ake ba irinsa aikin mugunta ba. Idan aka yi ta maganar wani gari da ba a ganinsa, da fada da sarauta da dogarai, Jangare ake kewayawa. Tsamiya a tsakiyar fili da aka hana sarewa, watsa ruwan zafi a kwata da magariba babu bisimilla, maciji a cikin ɗaki da wani ya yi gaggawar kashewa, duk mafarin rigima ne, ba ado ba.

Sai abin da kyamara ke yi, wanda mai kallo cikin hayaniya ba ya lura. A cikin jama'a an san zancen aljana da kofato. To a duba: akwai wadda tun da aka fara ba a taɓa nuna ƙafarta ba? Kowa ya zo ƙofa ana nuna shi yana tuɓe takalmi, ita kuwa sai a yanke hoto daga ƙofa zuwa kan tabarma, zaninta har ƙasa. Akwai wanda ake ajiye wa abinci amma ba a taɓa ganin ya kai loma ba? Akwai wanda mutum ɗaya tak ke amsa wa magana a cikin taro? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma a yi hattara, domin nan ne aka fi zamewa. Ba duk abin da ya fita daban ne alama ba, wani kuskuren ɗauka ne kawai. Hanyar bambancewa ita ce maimaici. Kuskure sau ɗaya yake zuwa, a gefen hoto, ba wanda ya kula da shi. Abin da aka dasa da gangan yana dawowa sau biyu ko uku, kyamara tana ɗan tsayawa a kansa, wani lokaci har kiɗa ya canza. Zoben da ya koma ɗaya hannun a fitowa guda, mai kula da kaya ne ya yi barci. Zoben da aka nuna kusa-kusa a kashi na 1 da na 5 da na 9 zai yi aiki.

Haka ake gane waiwaye da lokacin da labari ke ciki. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, takardar naira dubu a 2005, an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano a farkon 2013, sababbin takardun 200 da 500 da 1000 kuma sun fito a ƙarshen 2022. Idan aka nuna 'yan acaɓa cike da titi, babu waya a hannun kowa, ga wani a wurin da fuskarsa ba ta sauya ba har yau, an gaya maka ko shi wane ne ba tare da an furta ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin labari amma shi ke juya shi. Zango guda yawanci kashi 13 ne, wata uku ke nan na talabijin. Babban sirri ba ya fashewa a kashi na 6, sai dai a ba ka rabinsa. Ana ajiye shi zuwa 12 ko 13, sannan a buɗe sabon ƙulli don zango na gaba. Siddabarun kwamfuta yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ake tara shi a kashin farko da na ƙarshe. Masu jiran a gwabza yaƙin rundunar aljanu a kan Dutsen Dala su rage buri, abin da aljihun mai shiryawa zai ɗauka shi ne mutum biyu a ɗaki, hayaƙi, da fitila mai ɗaukewa. Jaruma kuma na iya yin aure ta bar harkar a tsakiyar labari. A labarin soyayya sai a kashe ta ko a tura ta karatu waje. A labarin aljanu mafita ta fi sauƙi: a ce ta sauya kama, a kawo wata. Idan haka ta faru ba wata hikima aka ɓoye tun farko ba, kuma wanda ya ce ya hango hakan a cikin labari, labarin ɗaurin aure ya ji.

Littafin waya daban yake da fim. Fim yawanci ana ɗaukar zango a dunƙule kafin a fara haskawa, don haka surutun masu kallo ba ya taɓa shi sai zango na gaba. Littafi kuwa sau da yawa marubuciya tana rubutawa ne tana sakewa, tana karanta sharhin masu bibiya. Da zarar an canki inda ta nufa aka yi ta yaɗawa, sai ta karkata don kada a ce an gano ta, ta ɗora laifin kan wanda ba a dasa masa komai ba. Labarai masu kyau da dama sun lalace ta haka. A irin wannan, hasashen da ya dace da hujja zai iya faɗuwa ba don mai shi ya yi kuskure ba.

Yanzu ga ƙorafinmu na karkara. Da yawa a nan ba sa kallo ranar da aka saki kashi. Sai ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari, ake kai memori wurin masu turi a shagon caji. Kashin kan zo a matse don ya shiga ƙaramar waya, hoton dare ya zama baƙi ƙirin, ga shi rabin labarin aljanu da dare ake yinsa. Wani lokaci an yanke mintunan ƙarshe, ko an rubuta 8 a kan na 9, ko a haɗo da guntayen bidiyon da wasu ke harhaɗawa daga tsofaffin fina-finai su sa musu take mai zafi don neman masu kallo. Mutum ya gina hasashe a kan wannan, ya bugo muku da ƙarfin gwiwa. Sannan wani daga birni da ya riga ya kalli kashi biyu gaba ya bugo ya faɗi abin da ya gani da sunan hasashe, ya ɓata wa gari guda kallo.

Don haka muke roƙo mai gabatarwa ya riƙa faɗa tun farkon fili cewa yau iyakarmu kashi kaza, wanda ya wuce nan a katse shi. Duk mai hasashe a tambaye shi kashi na nawa, wace fitowa, me aka ce ko me aka nuna. Wanda ya ce wani ɗan fim ne ya gaya masa, a gode masa a sallame shi, wannan tsegumi ne. A kuma tanadi littafi a rubuta hasashen kowa da garinsu, idan zango ya ƙare a ware fili guda a karanto, a ga wanda ya dace da hujja da wanda ya dace da sa'a. Idan da hali, a riƙa maimaita filin da daddare bayan isha'i, domin da damina lokacin da kuke sa shi yawancinmu muna gona.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sauraro daga karkarar Gumel, Jihar Jigawa