Zuwa ga Hajiyar da ta tare ni da maganar "fast"

Salamu alaikum Hajiya, ya gida, ya zafin Tahoua. Ranar taron iyayen yara kin miƙe gaban kowa da kayen ɗanki, littafin rubutunshi, a hannu kin ce mushe (malam ke nan), wai don mi ka ja mishi jan bik da ya rubuta cewa fast sifa ce, alhali ƙamus ɗin gida ma haka ya ce? Magariba ta kawo jiki lokacin, amsar da na ba ki ni kaina ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na rubuto nan kowa ya gani.

Ƙamus bai yi ƙarya ba, yaron ne ya tsaya layin farko. Jimlar da na sa a tablo ita ce "the boy runs fast". Ki juya ta da Hausa, yaron yana gudu DA sauri, gudun ake bayani ba yaron ba, to nan bayanau ce. Da na ce "a fast car", mota MAI sauri, nan ne take sifa. Dabarar ke nan da nike ba yara kullum, in "mai" ta fito sifa, in "da" ta fito bayanau.

Kuma gaskiya ban ga laifinshi sosai ba, Faransanci ne ya saba musu da kalma biyu, rapide daban vite daban, sai su zo Ingilishi su tarar kalma guda na aikin duka biyun, wasu har su ƙago "fastly" don sun ga quick na komawa quickly, wallahi duk shekara sai na kashe wannan fastly a kaye ya fi a ƙirga kuma an san ba a amsar ta a jarrabawar BEPC.

Abin bai ma tsaya nan ba. Azumi ma fast ne. "We fast in Ramadan" aikatau, "the fast is long" suna. Breakfast da suka haddace tun ajin farko na kwaleji break ne da fast, karya azumin dare, kusan karin kumallonmu dai, ranar da na faɗa musu aji ya ɗauki "laaa".

Makin nan kam ba zan maido ba Hajiya, ki yi haƙuri. Amma ki ce ya kawo min jimla huɗu ran Litinin, kowace da fast ɗinta daban, zan duba mishi lokacin rekireyasho.

Mushen Ingilishin su.