Hattara da Motocin da Aka Kira Domin Gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja kunnen masu sayen mota ta hannu. Jakar iska ta kamfanin Takata, da aka sa a motoci don ta kumbura ta ceci rai idan an yi hatsari, ita ta riƙa kashe mutane. Zafi da laima kan lalata sinadarin da ke hura ta, sai ta fashe ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. A Amurka kaɗai an kira motoci domin a canza irin waɗannan jakunkuna kusan miliyan 67, kamfanin ma ya durƙushe a 2017.

Abin haushi, takardar kiran sau da yawa tana zuwa wa wanda ya daɗe da sayar da motar. Mai saye ya duba lambar jikinta mai alamomi 17 a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar, ya ga ko an kira ta domin gyara, kafin ya biya.

Naka,
Wani mai karatu