Zuwa ga ƙawata, kan maganar allurar baya

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, ƙawata. Ya nauyin jiki? Ya maigidan, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Saƙonki ya iso, na kuma ji abin da Goggo ta faɗa miki, wai duk wadda aka yi wa allurar baya wajen naƙuda ta rabu da lafiyar ƙugunta ke nan. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto, don a waya hira ce za ta cinye mana kati. Ke da ake nema a bayan tankin ruwa duk ranar rigakafi, yau ke ce mai tambayar allura!

Ita allurar da likitoci ke kira efidural ba ta taɓa laka. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne a saman ƙugu, wajen ƙashi na ɗaya zuwa na biyu, mu masu yin allurar kuwa ƙasa da nan muke shiga, yawanci tsakanin na uku da na huɗu. Za a fara sa miki ƙarin ruwa a hannu, a auna jininki. Sai ki zauna a bakin gado, ki rungume filo, ki sunkuyar da kai, ki turo bayanki waje don ƙasusuwan su buɗe. Likitan sa barci ya wanke wurin, ya kashe fatar da ƙaramar allura, wadda ita ce ma ke ɗan yin zafi. Daga nan ya shiga da babbar a hankali, kamar santimita 4 zuwa 6 a yawancin mata, har ya kai wani ɗan fili da ke wajen rigar da ta lulluɓe laka. Ta cikin allurar ake zura roba siririya kamar zaren kamun kifi, a zare allurar, a manne robar da filasta. Babu ƙarfen da ke zama a bayanki. Idan naƙuda ta taso ana tsakiyar aiki, faɗa masa ya dakata, kada ki motsa.

Maganin da ake zubawa ta robar mai kashe zafi ne, ana ce masa bupivacaine, mai rauni ƙwarai, kamar kashi 0.1 cikin ɗari, ana haɗa shi da ɗan fentanyl, wani maganin rage ciwo. Ana fara ba da kaɗan a gwada, don a tabbata robar ba ta faɗa jijiyar jini ba. Idan kin ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko leɓɓanki sun mutu, ki yi magana nan take. Cikin minti 15 zuwa 20 ciwon zai lafa. Za ki riƙa jin cikin yana ɗaurewa, ki ji nauyin kan yaro, kuma za ki iya nishi da kanki.

Af, kin ji an sa ranar autar su Yaya? Bayan Sallah ne, kuma har an fara rigimar anko. Inna ta ce shuɗi, amarya ta ce ita sam. Na ce a ajiye miki naki, ko da goyo sai kin zo.

To, abin da kan faru, don ba zan ɓoye miki ba. Jini yakan sauka a mintunan farko, shi ya sa ake auna shi duk bayan minti biyar. Wasu na ƙaiƙayi, wasu rawar sanyi ko ɗan zazzaɓi, kuma mai yiwuwa a sa miki robar fitsari tunda ba za ki ji mararki ta cika ba. Wani lokaci gefe ɗaya ne ke mutuwa, sai a gyara robar ko a sake sawa. Lokacin nishi yakan ɗan ƙara tsawo, amma allurar ba ta ƙara yiwuwar a yi miki aiki. Abin da muka fi kiyayewa shi ne allura ta huda rigar nan, wanda ke faruwa ga kamar mace ɗaya cikin ɗari. Ruwan laka ya riƙa zuba, sai ciwon kai mai tsanani da ke tashi in an zauna, ya lafa in an kwanta. Yana da magani: a ɗebi jininki kamar mililita 20 a zuba a wurin, ya daskare ya toshe hujin. Shanyewar ƙafafu ta dindindin kuwa abu ne da da wuya ƙwarai a gani. Ciwon bayan da Goggo ke nufi, ciki ne da goyo da sunkuyo ke kawo shi, waɗanda suka haihu a ɗaka ma suna fama da shi. Wurin allurar kwana kaɗan yake yi yana tsami.

Yana ƙona mini rai yadda ake auna mutuncin 'yar fari da cije leɓe. Kunya daban, azaba daban. In kin ga za ki iya ba tare da ita ba, madalla, in kin nema kuma babu abin kunya. Abin da nake roƙonki, a awo na gaba ki ce a haɗa ki da likitan sa barci. Ki tambaya ko suna yi da dare, da nawa ne, don ba kowane asibiti ke da mai yi a kowane lokaci ba. Tunda kin ce ƙafafunki na kumbura kuma jininki ya ɗan hau, a duba ƙwayoyin da ke daskarar da jini, domin in sun faɗi ƙasa da dubu 70 ko kusa da haka ba a yi. In ana miki allurar tsinka jini, sai an bar awa 12 ko 24 tsakani, gwargwadon ƙarfinta.

Na tuna ma da Baba da kika ce ciwo na sauko masa daga ƙugu har dunduniya. Irin ciwonsa ma ana yi masa allurar baya; wurin ɗaya ne, maganin ne daban. Shi siteroyid, maganin rage kumburi, ake zubawa kusa da jijiyar da guringuntsi ya danne, an fi so a yi ana kallo ta na'urar hoto. Ta fi taimakon ciwon da ke bin ƙafa a kan na tsakiyar baya, kuma sauƙin makonni ne zuwa 'yan watanni, don ya samu ya yi gashi da motsa jiki. Tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, shi kuwa kin san nasa. Ba a wuce uku ko huɗu a shekara. Amma ranar da fitsari ya ƙi fita ko ya kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, a kai shi asibitin koyarwa na Shika a ranar, kada a jira gobe.

In kin zo wankan jego za mu yi maganar kunun kanwa, don da hawan jinin nan ba zan bari a ɗura miki shi ba, ko Goggo za ta yi fushi. Mutuniyarki ta Samaru ta koma ɗakinta, labarin da tsawo, sai kin kira. Ki gaida maigidan, ki ce ya ajiye mota da mai tun yanzu. Ki turo mini sakamakon gwajin jinin da zarar ya fito. Allah ya raba lafiya.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Tudun Wada.