Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Barau Jibrin Kan Rabon Kujeru Gwargwadon Ƙuri'a

Mai girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, daga Jos nake rubuto maka, a matsayinka na shugaban kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, domin in roƙe ka ka karkaɗe ƙurar da ta rufe rahoton kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007. Cikin shawarwarinsa akwai a ƙara kujeru a Majalisar Wakilai, a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu.

A tsarin da muke kai, duka kujeru 360 na wakilai da 109 na dattawa, wanda ya zo na ɗaya ne ke kwashe komai, ko da ƙuri'a guda ya fi abokin takararsa. Matar da ta sha rana a layi a Unguwar Rogo ko Tudun Wada, aka shafa mata tawada a yatsa, idan ɗan takararta ya zo na biyu, shi ke nan, ba ta da kowa a majalisa har shekara huɗu. A garin da ƙabilu da addinai ke zaune gwiwa da gwiwa, wannan ya mai da zaɓe abin a mutu ko a yi rai. Mun ga haka a Nuwamban 2008, lokacin da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya rikiɗe ya zama rikicin da ya ci ɗaruruwan rayuka, makonni kaɗan kafin a miƙa wancan rahoto. Rikicin yana da tsofaffin dalilai, amma kujera guda da kowane ɓangare ke ganin rasa ta tamkar rasa garin ne, ita ta kunna wutar.

Afirka ta Kudu na rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a tun 1994, Jamus kuma ta haɗa shi da zaɓen mazaɓu, wanda shi ne ya fi dacewa da mu.

Na san za a ce iyayen gidan siyasa za su cika jerin sunayen waɗanda kowace jam'iyya za ta ba ƙarin kujerun da yaransu. Wannan tsoro yana kan hanya, don haka ya kamata doka ta tilasta wa kowace jam'iyya ta miƙa jerinta ga INEC, a wallafa shi kafin ranar zaɓe, a kuma hana sauya shi bayan an ƙidaya ƙuri'a.

Gyaran yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, aikin da ba ya yiwuwa a dare ɗaya. Muna roƙo ka sa kwamitinka ya gabatar da ƙudurin, kuma ya zo Jos ya saurari jama'a a kansa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Jos ta Arewa