Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan tazarce

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ji ka shiga sahun matasa masu sa ido a kan zaɓe, kuma ranka a ɓace yake. Ban hana ka ba. Amma ka sani ba a akwatin zaɓe ake fara yanka dimokuraɗiyya ba, da takarda da hatimi ake farawa.

Dubi Nijar a 2009. Tsarin mulki ya ba shugaba wa'adi biyu, Tandja Mamadou ya nemi ƙarin shekara 3. Kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba, sai ya rusa majalisar dokoki ran 26 ga Mayu. A watan Yuni kotun, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta sake ƙi, ya rusa ta ita ma. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta an riga an gama komai. Da sojojin Salou Djibo suka kifar da shi ran 18 ga Fabrairu 2010, jama'a suka fito murna. Wannan murnar ce nake jiye maka tsoro, domin wanda ya tafa wa bindiga yau ba shi da bakin magana ranar da ta juyo kansa. A Najeriya kuwa, ran 16 ga Mayu 2006 majalisar dattawa ce ta binne tazarcen Obasanjo, ana nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallonsa.

Ranar zaɓe kada ka bar rumfa sai an gama ƙirga an cika takardar EC8A, wato takardar da ake rubuta sakamakon rumfar a kai. Ɗauki hotonta yadda lambar rumfa da hatimi da sa hannun wakilai za su fito sarai, sannan ka gwada da abin da aka tattara a mazaɓa, don a nan ake yawan sauya alƙaluma. Kwana 21 kacal doka ta bayar na shigar da ƙara bayan sanar da sakamako, hoto mai duhu kuwa ba ya zama hujja. In zanga-zanga ce, ku ware masu tsare layi su fitar da duk wanda ya ɗauki dutse, da shi za a kafa hujjar tarwatsa ku. Ka haddace lambar lauya, waya ake fara ƙwacewa.

Ranar da ɗan takararka ne ya taka doka, ka yi magana da muryar da ka yi wa na wasu. Abokai za su juya maka baya, zai yi ciwo, ka kira ni mu yi magana.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya tsare min kai.

Mahaifinka