Zuwa ga ɗana muhandis, daga Jidda

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mun ji cewa ka kama aiki a ofishin zanen gine-gine a Riyad, mun gode wa Allah, mahaifiyarka kuwa har sadakar waina ta yi.

Ɗana, ban manta da safiyar da muka tashi a Karantina muka tarar an fesa jan fenti a bangonmu an rubuta "ikhla", wato a tashi, ba, a cikin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ci unguwannin Jidda fiye da 60. Kai da kanka ka ɗauko keken ɗinkin mahaifiyarka a ka. Diyyar ta 'yan ƙasa ce, mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa muka tattara komatsanmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin katafila ta iso, sai da wani mai ilimi irin naka ya zauna cikin sanyin ofis ya ja layi a kan taswira, layin ya bi ta tsakar gidanmu.

Yanzu alƙalamin yana hannunka. Za a ce maka mai kuɗi ne ke yanke hukunci, kai zane kawai aka sa ka. Haka Albert Speer, mai zana wa Hitila gine-gine, ya ɗauki kansa ma'aikaci kurum, har ya zama ministan makamai, a 1946 kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 20 saboda aikin tilas da aka sa bayin Allah. Ban ce zamaninka nasa ba ne, amma uzurin iri ɗaya ne.

Shekara talatin na yi ina ɗora bulo, na san abin da takarda ke jawowa. Doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, to amma idan ka sa hannu a wa'adin da ba zai cika ba sai an karya ta, kai ka tura lebura cikin ranar, ba ɗan kwangila kaɗai ba. Idan aka kawo maka zanen masaukin leburori, ka ƙirga gadaje, ka ƙirga tagogi da bayan gida, ka tambayi kanka ko za ka yarda in kwana a ciki. Wanda zuciyarka ta ƙi, ka faɗa a rubuce, ka ajiye kwafi.

In abin ya kai ga rasa aiki, ɗakinka na nan, ƙanenka ne kawai ya cika shi da littattafai.

Mahaifinka.